Yadda Kula da Ɗalibai Ya Zama Sana'ar da Ake Karantawa a Amurka

Duk wanda ya zo karatu Amurka a cikinmu ya san ofishin nan da ke sa hannu a takardar I-20. Mun san ofishin da ke raba ɗakunan kwana, da wanda ke sauraren ƙara idan an zargi ɗalibi da satar amsa, da wanda ke ba ƙungiyoyi irin tamu ɗakin taro da ɗan kuɗin shinkafar bikin sallah. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, mutanen da ke zaune a waɗannan ofisoshi ba tsintar kansu suka yi a aikin ba. Da yawansu digiri na biyu suka yi a kansa, shekara biyu cur, wasu ma har da digirin digirgir.

Tunda wannan mujalla ta waiwaye ce, na ga ya dace mu waiwayi asalin wannan sana'a, domin tarihinta ya shafe mu kai tsaye. Idan ka bi shi tiryan-tiryan za ka ga abu ɗaya yana ta maimaituwa. Duk lokacin da wani sabon irin ɗalibi ya shigo jami'ar da ba dominsa aka gina ta ba, sai an samu wasu mutane sun zauna sun koyi yadda za a riƙe shi har ya gama. Mata ne sababbin farko. Daga baya tsofaffin sojoji, sai baƙar fata, sai baƙi irinmu.

Lokacin da malami ne uba

Kwalejojin farko na Amurka, tun daga Harvard da aka kafa a 1636, tsarin Oxford da Cambridge na Ingila suka ɗauko. Ɗalibai yara ne maza, shugaban kwaleji da 'yan malamansa suna zaune tare da su, su koyar da su, su ci abinci da su, su hukunta su. Ba a buƙatar wani ofishi na daban, malamin shi ne uba.

Bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, abubuwa suka canja. Dokar Morrill ta 1862 ta buɗe hanyar kafa manyan jami'o'in jihohi masu koyar da noma da injiniyanci. Sannan aka ɗauko tsarin Jamus, inda darajar farfesa take a bincike, kamar yadda aka gani a Johns Hopkins da aka buɗe a 1876. Farfesan da ke fama da ɗakin gwaje-gwaje ina ya ga lokacin bin yaro ya ga ko ya kwana a ɗakinsa? Dole aka nemi wanda za a ɗora wa wannan kaya. A 1870 shugaban Harvard, Charles Eliot, ya naɗa Ephraim Gurney a muƙamin Din, ya sauke masa nauyin ladabtar da ɗalibai. A 1891 aka ba LeBaron Russell Briggs muƙamin, kuma shi ne ake yawan ambata a matsayin wanda ya mai da aikin na kula da rayuwar ɗalibi, ba hukunci kaɗai ba.

Ƙarfin da jami'a ke da shi a kan ɗalibi a wancan zamani ba ƙarami ba ne. A 1913 wani mai gidan abinci a jihar Kentucky, Gott, ya kai kwalejin Berea ƙara saboda ta hana ɗalibanta cin abinci a wuraren da ba nata ba. Kotu ta ba kwaleji gaskiya, ta ce matsayin iyaye take da shi a wurin ɗalibai, saboda haka duk dokar da uba zai iya kafa wa ɗansa ita ma za ta iya.

Mata ne suka kai aikin aji

Da jami'o'i suka fara ɗaukar mata, sai iyaye da masu surutu suka tada jijiyar wuya: wa zai kula da su? Amsar ita ce a naɗa Din ta mata. Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Chicago a 1892, an ɗauko Alice Freeman Palmer, wadda ta taɓa shugabantar kwalejin Wellesley, tare da Marion Talbot. Abin da ake so daga irin waɗannan mata a lokacin bai wuce gadi ba: wa ta fita, da wa ta fita, ƙarfe nawa ta dawo. Su kuwa suka ƙi tsayawa nan. Suka shiga maganar gidajen kwana masu tsafta, da abinci, da lafiya, da kwasa-kwasan da ake hana mata shiga, da aikin da za su yi bayan sun gama. A 1903 Talbot ta jagoranci taron farko na masu wannan muƙami. A 1915 Lois Kimball Mathews ta Jami'ar Wisconsin ta rubuta littafin farko a kan aikin. A 1916 suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa.

A tsakiyar wannan yunƙuri ne aka haifi karatun da muke magana a kai. Kwalejin horon malamai ta Jami'ar Columbia da ke New York, wato Teachers College, ta ba da takardar shaida ta farko ta mai ba ɗalibai mata shawara a 1914, haɗe da digiri na biyu. Dalilin da ya sa mata suka rungumi horon a fili yake. A jami'ar da maza suka cika, macen da ba ta da takarda da hujjar bincike ba wanda zai saurare ta a taron majalisar malamai.

Takwarorinsu maza ba su ga buƙatar haka ba. Thomas Arkle Clark na Jami'ar Illinois, wanda aka ba muƙamin Din na maza a 1909, yana cikin masu ra'ayin cewa aikin baiwa ce, da ita ake haihuwar mutum, ba a aji ake koyonta ba. Sun fara taronsu a Jami'ar Wisconsin a 1919, kuma shi ne ya zama ƙungiyar NASPA a 1951. Amma a batun horo, sun daɗe suna jan ƙafa.

Akwai sunan da ya kamata mu riƙe a nan, Lucy Diggs Slowe. Baƙar fata ce, ta yi digiri na biyu a Columbia, ta zama Din ta mata a Jami'ar Howard a 1922. Ta yi shekaru tana ja-in-ja da shugabannin jami'ar a kan cewa ɗalibai mata baƙar fata shugabanci ya kamata a koya musu, ba a kulle su kamar ƙananan yara ba. Ta haɗa kan takwarorinta na makarantun baƙar fata suka yi tasu ƙungiyar. Tana kan muƙamin ta rasu a 1937.

Kalmar da ta fito daga barikin soja

Ga wanda ya karanta injiniyanci irina, wannan gaɓar ce ta fi jan hankali. Walter Dill Scott masanin halayyar ɗan'adam ne da ya yi wa kamfanoni aiki a kan yadda ake zaɓen ma'aikata. A yaƙin duniya na ɗaya shi ya jagoranci tsara yadda sojan Amurka zai tantance mutane, a san wanda ya iya gyaran mota da wanda ya iya lissafi, a kai kowa inda ya dace. Da ya zama shugaban Jami'ar Northwestern a 1920, sai ya kawo tsarin jami'a: a buɗe wa kowane ɗalibi fayil, a yi masa gwaji, a yi hira da shi, a bi shi har ya samu aiki. Daga nan aka fara kiran aikin da kalmar da masana'antu ke amfani da ita ga sashen ma'aikata. Tunani ne irin namu na injiniyoyi, a auna, a rubuta, a rage asara. Ɗalibin da ya bar makaranta bai gama ba, asara ce da za a iya gano musabbabinta.

Esther Lloyd-Jones ta yi aiki a Northwestern a wannan lokaci, kuma a kan tsarin ta rubuta kundinta na digirin digirgir a Teachers College a 1929, wanda ake ɗauka shi ne na farko a fannin. Tana cikin waɗanda suka zauna a 1937 ƙarƙashin Majalisar Ilimi ta Amurka suka fitar da takardar da har yau ake fara karantar da ɗaliban fannin da ita, The Student Personnel Point of View. Takardar ta jera ayyuka 23 da ya kamata jami'a ta yi wa ɗalibi, tun daga ɗaukarsa har samar masa aiki. Jigon maganarta shi ne, jami'a ba ƙwaƙwalwa kaɗai take karantarwa ba. Mutum take karantarwa, da lafiyarsa, da aljihunsa, da zamantakewarsa, da imaninsa.

Sojoji sun dawo, baƙi sun iso

Dokar GI Bill ta 1944 ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu, kuma kimanin miliyan 2.2 daga cikinsu suka shiga kwalejoji da jami'o'i. A 1947 kusan rabin ɗaliban ƙasar tsofaffin sojoji ne. Magidanci mai mata da 'ya'ya, wanda ya ga yaƙi da idonsa, ba za ka ce masa ya kashe fitila ƙarfe goma ba. Abin da yake buƙata gida ne, da mai ba da shawara, da mai taya shi cike takardun gwamnati. Ofisoshi suka yawaita, aka sake sabunta takardar 1937 a 1949, jami'o'i da dama suka buɗe kwasa-kwasan digiri na biyu don samar da ma'aikata.

Sai dai a nan tarihi ya yi wa matan da suka kafa fannin rashin adalci. Da aka haɗe ofishin Din na maza da na mata ya zama ofishi ɗaya na Din na ɗalibai, kusan ko'ina namiji aka ba kujerar. Wadda ta yi karatun ta koma mataimakiya.

A daidai wannan lokaci aka fara lura da irinmu. A 1948, ɗalibai baƙi a Amurka wajen 25,000 ne, aka kafa ƙungiyar masu ba su shawara, NAFSA. A zangon karatu na 2023/2024 adadin ya haura miliyan 1.1, kuma sama da 20,000 daga Najeriya suke. Amma ofishin baƙi bai ɗauke komai ba. Wajen salla, da abincin halal, da wanda zai tarbe ka a filin jirgi, da wanda zai ba ka aron rigar sanyi, ɗalibai ne suka riƙa yi wa junansu. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta MSA, a Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign aka kafa ta a watan Janairun 1963. Sai a 1999 Jami'ar Georgetown ta ɗauki limami na cikakken lokaci, matakin da wasu jami'o'in suka bi daga baya. Wato ɗalibai ne suka fara aikin kyauta, shekaru da yawa kafin ya zama muƙami mai albashi.

Ranar da jami'a ta daina zama uba

A watan Fabrairun 1960 wasu ɗalibai baƙar fata na Alabama State College suka je ɗakin cin abinci na kotun Montgomery, wanda aka keɓe wa farar fata, suka zauna. Da matsin lambar gwamnan jihar aka kori tara daga cikinsu, ba tare da an kira su an ji ta bakinsu ba. Suka kai ƙara. A 1961 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar da aka sani da sunan Dixon, ta yanke cewa makarantar gwamnati ba za ta kori ɗalibi a kan laifi ba sai ta sanar da shi tuhumar kuma ta ba shi damar kare kansa. Duk wanda aka taɓa aiko wa wasiƙar gayyata zuwa zaman bincike a cikinmu, da jerin haƙƙoƙinsa a rubuce, to albarkacin waɗancan ɗalibai ya ci.

Daga nan matsayin uba ya fara rushewa. A 1971 aka mai da shekarun jefa ƙuri'a 18. A 1974 aka yi dokar FERPA, wadda ta sa jami'a ba za ta nuna wa kowa sakamakonka ba sai da izininka, in ban da 'yan yanayin da dokar ta ware. Shi ya sa idan Baba ya kira daga Kano ko Maraɗi yana tambayar maki, sai a ba shi haƙuri, ko da kuwa shi ke biyan kuɗin.

To idan Din ba uba ba ne, mene ne shi? Wannan tambaya ce ta sauya abin da ake koyarwa a fannin. Aka koma nazarin yadda ɗalibi ke girma. Arthur Chickering a 1969 ya kawo fannoni bakwai da matashi ke bunƙasa a cikinsu. William Perry a 1970 ya nuna yadda tunanin ɗalibi ke tashi daga ganin komai fari ko baƙi zuwa iya auna hujjoji. Vincent Tinto, a 1975 da kuma littafinsa na 1987, ya yi bayanin dalilin da ke sa ɗalibai barin makaranta.

A nan ne fa muke da abin cewa. Ɗaliban da Perry ya yi nazari a kansu yawancinsu samarin Harvard ne. Shi kuma Tinto ya gina bayaninsa a kan cewa ɗalibi sai ya ɗan rabu da al'ummar da ya fito kafin ya narke cikin ta jami'a. William Tierney, wanda ya yi bincike a kan ɗalibai 'yan asalin Amurka, ya soki wannan a 1992, ya ce ai rabuwar ce ke kayar da wasu. Mu shaida ne. Abin da ke riƙe Bahaushe a garin da dusar ƙanƙara ke rufe ƙofa, kiran Inna ne na ranar Juma'a, da tuwon da aka tuƙa a ɗakin wani ɗan'uwa, da sanin cewa akwai dangi guda da ke jiran ranar da zai gama. Fannin ya gyara da yawa tun daga lokacin, amma har yanzu yana da ƙarancin masu bincike da suka san wannan daga ciki.

Yadda karatun yake a yau

Digiri na biyu a fannin yawanci shekara biyu ne. Jami'o'i irin su Bowling Green State, da Indiana, da Michigan State, da Maryland sun daɗe da yin suna a kansa. Ba a sharɗanta wani digiri na farko na musamman, injiniya da masanin tarihi duk suna shiga. Ana karanta tarihin jami'o'i, da nazarin girman ɗalibi, da dokokin ilimi, da dabarun sauraro da ba da shawara, da kasafin kuɗi, da auna ko wani shiri yana aiki. Majalisar CAS, wadda aka kafa a 1979 don tsara ma'aunin fannin, ta sa aƙalla awa 300 na aiki a ƙarƙashin kulawar gwani. Galibin ɗalibai suna haɗa karatun da aikin mataimaki a wani ofishi, inda ake yafe musu kuɗin makaranta ko wani ɓangare nasa, a ba su ɗan alawus, mai aiki a gidajen kwanan ɗalibai kuma a ba shi wurin zama.

Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta. Albashin farawa bai kama ƙafar na injiniya ba. Aikin dare da na ƙarshen mako ya yi yawa, kuma mutane da dama suna barinsa bayan 'yan shekaru. Ga mai bizar F-1, izinin aiki bayan kammalawa wata 12 ne, domin yawancin waɗannan kwasa-kwasai ba sa cikin jerin kimiyya da fasaha da ke samun ƙarin wata 24. Jami'o'i ba sa shiga cacar bizar H-1B, amma ba kowace ce ke yarda ta nema wa ƙaramin ma'aikaci ba. Sannan kujerar mai sa hannu a I-20, doka ta keɓe ta ga ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin. Ba a fafe gora ranar tafiya, duk mai sha'awa ya san waɗannan tun kafin ya cike fom.

Nauyin kujerar ma ya ƙaru. Tun 2003, da aka fara aiki da rumbun SEVIS bayan harin 11 ga Satumba, mai ba baƙi shawara ya zama mai kai wa gwamnati rahoto a lokaci guda. A ranar 6 ga Yulin 2020 aka ce duk baƙon da darussansa suka koma intanet kacokan ya bar ƙasar. Harvard da MIT suka kai ƙara, aka janye umarnin ranar 14 ga watan. A waɗancan kwanaki takwas, ma'aikatan ofisoshin baƙi ne suka riƙa amsa saƙonnin ɗalibai da hankalinsu ya tashi. A irin wannan rana ake gane bambancin wanda ya san aikin da wanda bai sani ba.

Ga masu niyyar komawa gida

Wanda zai koma gida, ya tuna cewa manyan rigingimun jami'o'inmu daga cokali da katifa suke farawa. Zanga-zangar Ali Must Go ta 1978 a Najeriya, ƙarin kuɗin abinci da na masauki ne ya tada ta, kobo hamsin a kan abincin yini, kuma an rasa rayuka a Legas da Zariya. A Yamai, ranar 9 ga Fabrairun 1990, ɗalibai sun fito kan halin da karatu ke ciki, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy. A jami'o'in Najeriya akwai sashen harkokin ɗalibai, amma galibi malami ake ɗaukowa daga wata tsangaya a ba shi Din na 'yan shekaru, ya koyi aikin yana cikin yinsa. A nahiyar an fara tattara ilimin fannin, domin tun 2013 ake buga mujallar bincike ta Journal of Student Affairs in Africa. Kwafo tsarin Amurka ɗungurungum ba zai yi ba. Abin da za a ɗauko shi ne darasin su Talbot da Slowe, cewa riƙon ɗalibi ilimi ne da ake koyo, a rubuta, a gwada, a gyara.

'Yan'uwa, ku dubi abin da ƙungiyarmu ke yi. Tarbar sababbi, nemo musu ɗaki, raka mara lafiya asibiti, sasanta abokan zama, haɗa gudummawa idan an yi wa wani rasuwa a gida. Wannan shi ne aikin da wasu ke yi wa digiri. Shawarata biyu ce. Ta farko, mu fara rubuta abin da muke yi da abin da muka koya, don kada kowane sabon shugabanci ya faro daga tushe. Ta biyu, idan akwai ƙani ko ƙanwa a cikinmu da kullum shi ake kira in matsala ta taso, kada mu ce masa yana ɓata lokacin karatu. Mu nuna masa cewa abin nan yana da makaranta, mu faɗa masa ribarsa da wahalarsa, ya zaɓa da idonsa a buɗe.